Birkin da ke aron ƙarfi daga sitiyari: sharhi kan sanya Hydro-Boost a tsofaffin motocin Amurka masu ƙwanji

A shekarar 1964 kamfanin Pontiac ya ɗauki wata madaidaiciyar motarsa mai suna Tempest, ya cusa mata injin V8 mai girman lita 6.4 da ƙarfin doki 325, ya raɗa mata suna GTO. John DeLorean, babban injiniyan kamfanin a wancan lokacin, yana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata sai da aka fito da ita. Kafin a ankara sauran kamfanonin Detroit, cibiyar ƙera motocin Amurka, sun bi sahu: Chevrolet ta fito da Chevelle SS, Plymouth da Road Runner, Dodge da Charger, Ford da manyan Mustang ɗinta. Amurkawa suka riƙa kiransu da sunan da ke nufin motoci masu ƙwanji, aka yi ta tsere a kan wa ya fi wani inji, har tsadar inshora da dokokin hayaƙi da ƙarancin man fetur na 1973 suka taru suka kashe kasuwar.

A duk tsawon wannan tseren, hankalin kowa yana ƙarƙashin bonet. GTO ta 1964 ta fito da birkin ganga a duka ƙafafunta huɗu, faɗin kowace ganga inci 9.5, irin wanda ke jikin Tempest mai silinda shida da ake zuwa cefane da ita. Road Runner ta 1968 ta ɗan fi, gangunanta inci 11 ne, amma ita ma ganguna ne. Birkin faifai a gaba sai wanda ya ƙara kuɗi, a GTO ma sai daga 1967 aka fara bayar da shi. Yawancin motocin da suka gabaci ƙirar 1967 kuwa tukunyar man birkinsu ɗaya ce tal, idan bututu ɗaya ya huje duka ƙafafu huɗu sun tafi. Sai da hukuma ta sa baki, daga 1968 ta wajabta masta, wato silindar da ke tura man birki idan an taka feda, mai ɗaki biyu.

Waɗannan motocin yanzu sun haura shekara hamsin, masu su kuma suna fita da su kan titi ɗaya da motocin zamani masu tsayawa cak da zarar an taɓa birki. Shi ya sa gyaran birki ya zama babbar sana'a a can, cikin hanyoyin da ake bi kuma akwai wadda ta fi kowace jawo gardama a gareji: a cire busta, wato na'urar da ke taya ƙafa taka birki, mai aiki da zuƙon iska, a sa wadda ke aiki da man sitiyari, wato Hydro-Boost. Ina ganin dabara ce mai kyau ƙwarai ga motar da ta dace da ita. Damuwata ita ce yadda ake sayenta a matsayin maganin kowace cuta ta birki, alhali cuta ɗaya take warkarwa.

Sai mu fara da lissafin ƙafa. A ce direba ya taka birki da ƙarfin laba 100, kusan kilo 45 ke nan, takawa ce mai nauyi. Sandar fedar motar da ba ta da busta tana ninka wannan ƙarfin kamar sau shida, ya zama laba 600 a kan fistin ɗin masta. Idan faɗin bakin mastar inci ɗaya ne, matsin da zai shiga bututun birki zai kai wajen psi 760, wato nauyin laba 760 a kan kowane inci murabba'i. Birkin ganga yana iya wadatuwa da ƙasa da haka, domin yadda aka ƙera shi juyawar gangar da kanta tana janyo takalmin birkin ta ƙara manna shi. Birkin faifai ba shi da wannan gatan. Duk abin da zai matse faifan daga man birki yake fitowa, tsayawar gaggawa kuma tana neman psi 1,000 ko fiye. To ka ga mutumin da ya cire ganguna ya sa faifai don ya gyara motarsa, sau da yawa abin da zai fara ji shi ne feda ta ƙara tauri.

Busta ita ce mai cike wannan giɓin. Wadda kowa ya sani ita ce baƙar tasar nan mai faɗi da ke manne a bangon da ya raba inji da direba. A cikinta akwai fatar roba da ta raba ta gida biyu. Inji yana tsotse iskar da ke ciki ta wani tiyo da ya taho daga manifol, bututun da ke kai iska cikin inji, idan aka taka birki sai bawul ya saki iskar waje ta shigo ta ɓangare ɗaya, nauyin iskar duniya ya tura fatar, fatar ta taya ƙafa turawa. Ƙarfinta duka ya rataya ne a kan abu biyu: faɗin fatar, da yawan zuƙon da injin ke bayarwa.

Lafiyayyen inji da ba a taɓa shi ba yana ba da zuƙo kamar inci 18 zuwa 20 a ma'aunin zaiba idan yana aiki a tsaye. Inci 18 kusan psi 9 ne. Busta mai faɗin inci 11 tana da fata mai inci murabba'i 95, don haka za ta iya ƙara wa ƙafa abin da ya kai laba 840. Taimako ne babba, kuma kyauta ne, domin injin fetur dole ya yi wannan zuƙon muddin totur yana rufe.

Matsalar tana farawa ne daga abin da masu waɗannan motocin suka fi so. Don inji ya yi numfashi sosai a babban gudu, sai a sa masa kamshaf mai riƙe bawul a buɗe na tsawon lokaci, har ya zama akwai ɗan lokacin da bawul ɗin shigar mai da na fitar hayaƙi duka suna buɗe tare. A sama da juyi dubu huɗu ko biyar wannan yana ƙara ƙarfi sosai. Amma a tsaye, fistin yana zuƙo hayaƙi daga baya maimakon ya zuƙi manifol kaɗai. Wannan ne ke haifar da gurnanin nan mai tsalle-tsalle da masoya motar ke tsayawa su saurara, shi ne kuma ke zubar da zuƙo zuwa inci 10, wani lokaci 8. A inci 10, bustar da ke ba da laba 840 ta koma wajen 465. Wanda ke zaune a gari mai tudu irin Denver ya ƙara shiga uku, domin kowace ƙafa dubu da aka hau tana rage kusan inci ɗaya na zuƙo.

Sannan ga matsalar wuri. Manyan injuna irin 454 na Chevrolet da 426 Hemi na Chrysler suna da faɗi, idan kuma aka sa musu dogayen murafan bawul sai su ci karo da busta. Chrysler da kanta sai da ta yi wa motocinta masu Hemi wani ƙarfe na musamman da ke ɗaga bustar sama don ta kauce wa murfin. Mai gareji da ya rasa wuri yakan sauko zuwa busta mai inci 7. Fatarta inci murabba'i 38 da rabi ce, a zuƙon inci 10 kuma abin da za ta bayar bai kai laba 200 ba. Mota mai ƙarfin doki 500, an kashe mata kuɗi a kan faifai da sababbin kalifa masu matse faifan, amma a bakin danja direba yana miƙewa a kan feda da ƙafa biyu. Mafi haɗari ma shi ne rashin tabbas ɗin: takawar farko bayan an saki totur a guje tana da laushi saboda zuƙo ya taru, ta biyu da ta uku a cikin cunkoso sai ka ji kamar dutse ka taka.

A nan ne Hydro-Boost ke shigowa. Kamfanin Bendix ne ya ƙirƙiro ta a farkon shekarun 1970, daga baya sashen birkin kamfanin ya koma hannun Bosch a 1996. Asalin masu buƙatarta su ne manyan akori-kura da motocin dizal, domin injin dizal ba ya yin zuƙo a manifol. Duk wanda ya taɓa leƙa tsohuwar Hilux mai dizal ya ga yadda Toyota ta warware nata: ƙaramin famfon zuƙo a bayan altaneta. Amurkawa a manyan motocinsu sai suka bi ta famfon sitiyari. An sa ta a motocin General Motors masu dizal na ƙarshen shekarun 1970, an sa ta a bas ɗin Chevrolet Astro, Ford kuma ta sa ta a Mustang masu V8 daga 1996 zuwa 2004, saboda sabon injinta mai lita 4.6 ya cika faɗi har babu wurin busta mai tasa. Wannan tarihin yana da muhimmanci, don ya nuna cewa na'urar ta yi shekaru tana aiki a miliyoyin motoci kafin masu gyaran tsofaffin motoci su waiwaye ta. Da yawansu ma daga maƙabartar motoci suka fara ciro ta, daga jikin Astro ko Mustang.

Yadda take aiki yana da ban sha'awa. Famfon sitiyari, wanda a motocin General Motors galibi ƙirar Saginaw ne, yana turo mai kullum muddin inji na juyawa. A da man yana tafiya kai tsaye zuwa akwatin sitiyari. Yanzu sai a karkatar da shi ya fara bi ta cikin bustar, ya fita ta wani tiyon ya wuce sitiyari. Idan ba a taka birki ba, man yana ratsawa ne kawai kamar ruwa a kwata, ba matsi. Da an taka, sai wani siririn bawul mai zamewa ya matsa, ya ƙuntata hanyar wucewa, ya buɗe wata hanya zuwa bayan wani fistin. Famfo ya ga an toshe masa hanya sai matsi ya hau, gwargwadon yadda ƙafa ta danna. Famfon sitiyari yana iya kai psi 1,000 zuwa 1,500, ya danganta da irinsa. Kwatanta wannan da psi 9 na zuƙon iska. Fistin da bai wuce inci murabba'i biyu ba, a psi 1,200, zai tura da laba 2,400. Shi ya sa na'urar siririya ce, tana shiga inda tasa ba za ta shiga ba, kuma ba ruwanta da irin kamshaf ɗin da ke cikin inji ko tudun garin da ake ciki. Takawa ta goma daidai take da ta farko.

Akwai kuma ɗan tulu a gefenta, a wasu yana cike da iskar naitirojin, a wasu sifirin na ƙarfe ne a ciki. Yana ajiye mai a matse domin ranar da inji ya mutu a kan tafiya ko bel ya tsinke. Abin da ya ajiye yana isar takawa biyu, da ƙyar uku. Bayan nan sai ƙarfin ƙafa zalla, a kan feda da mastar da aka zaɓa da tunanin akwai mataimaki.

Wannan shi ne farashin da ya kamata mai mota ya kalla da idon basira. A da birki da sitiyari kowa gidansa daban. Yanzu an ɗaura su a kan famfo ɗaya, bel ɗaya, tukunyar mai ɗaya. Tiyo ɗaya ya fashe, sitiyari ya yi nauyi, birki ma yana ƙirga sauran takawarsa, a mota mai nauyin kilo 1,600 ko fiye da rabinsa da ɗoriya yana kan tayoyin gaba. Ba ina cewa a guje ta saboda haka ba, manyan motocin ɗaukar kaya sun daɗe a kan wannan tsarin lafiya lau. Amma famfon da ya shekara hamsin, mai kuka idan an murɗa sitiyari, da bel ɗin da ya tsattsage, ba su cancanci a damƙa musu ran mutum ba. Duk wanda zai yi wannan aikin, kuɗin sabon famfo da sababbin tiyo masu jure matsi yana cikin lissafi tun farko. Wanda kuma ya riga ya mayar da sitiyarinsa na lantarki ya cire famfon, ko motarsa tun asali ba ta da shi, to ya san sai ya dawo da famfo kafin a fara magana.

Yawancin koke-koken da ake yi bayan an gama aikin daga ƙananan abubuwa suke fitowa, babbansu kuma shi ne tiyon da ke mayar da mai tukunya. Bustar tana da nata, akwatin sitiyari yana da nasa. Motocin da suka fito da na'urar daga masana'anta tukunyarsu baki biyu gare ta. Tsohuwar Chevelle baki ɗaya gare ta, sai bakanike ya haɗa tiyo biyun da mahaɗi mai ƙafa uku. Idan man da ke dawowa daga sitiyari ya tare na bustar, matsi kaɗan ya taru a bayanta, sai feda ta ƙi dawowa da sauri, ko birki ya riƙa kama kansa idan an murɗa sitiyari, tayoyi su yi zafi ba wanda ya taka komai. Maganin sananne ne: a samo tukunya mai baki biyu, ko a huda mata na biyu. Aikin rabin yini ne, amma shi ne ake yawan tsallakewa.

Na biyu tsawon sandar da ke tsakanin busta da masta. Idan ta yi tsawo ko da kaurin farce ne, fistin ɗin masta ba zai koma gida sosai ba, zai rufe 'yar ƙofar da mai ke komawa tukunya, man ya yi zafi ya kumbura, birki ya ƙara kamawa, har mota ta tsaya a hanya da ƙafafu suna hayaƙi. Idan ta gaza, feda ta yi tafiyar banza kafin ta kama. Aunawa ake yi, ba a yin ta da ido.

Na uku rabon feda da girman masta. A yawancin motocin General Motors na wancan zamanin sandar feda tana da huda biyu: ta sama don motar da ba busta, tana ninka ƙarfi kamar sau shida, ta ƙasa don mai busta, kamar sau huɗu. Wanda ya bar sanda a hudar sama ya kuma haɗa ta da ƙaramar masta da na'urar da ke tura laba dubu biyu, zai sami birkin da ko atishawa ya yi tayoyi sun kulle. Waɗannan motocin ba su da ABS, na'urar da ke hana taya kullewa, da zai ceci kowa. Shi ya sa aka fi haɗa ta da masta mai baki inci 1 da ɗaya bisa takwas, don feda ta yi ɗan nauyi, ƙafa ta riƙa jin abin da taya ke yi. Haka nan bawul mai rage matsin da ke zuwa baya dole a saita shi, musamman idan gaba faifai ne baya ganga. Tayoyin baya su riga na gaba kullewa shi ne abin da ke juya mota ta fuskanci inda ta fito.

Akwai wani kuskure da gyaransa ke da tsada. Yanzu a wuri ɗaya, tazarar tafin hannu, akwai mai iri biyu da ba sa ga maciji da juna. Man birki irin DOT 3 da DOT 4 daban yake da man sitiyari, wanda daga ɗanyen man fetur ake yinsa. Cokali ɗaya na man sitiyari a tukunyar birki ya isa ya kumbura duk robar da ke cikin masta da kalifa da tiyo, sai an sauya su gaba ɗaya.

To amma ko an yi duk wannan daidai, me aka samu? An sami feda mai laushi, mai amana, da matsin da ya isa ya kulle tayoyi duk lokacin da aka so. Idan a da motar ba ta iya kaiwa ga kulle taya saboda ƙafa ta gaza, to tazarar tsayawarta za ta ragu sosai, wannan riba ce ta gaske. Idan kuma a da tana iya kullewa, na'urar ba ta rage ko taku ɗaya ba, domin daga wannan matakin taya da kwalta ne ke magana. Zafi ma bai tafi ko'ina ba. Mota mai kilo 1,600 a gudun kilomita 100 tana ɗauke da kuzarin da zai tafasa ruwa kusan lita biyu, birki kuma dole ya shanye shi cikin daƙiƙa uku ko huɗu. A kilomita 200 abin ya ninka sau huɗu. Gangar inci 9.5 idan ta yi zafi buɗewa take yi ta nisanci takalminta, takalmin ya yi santsi, man birkin da ya tsotsi danshi kuma yana iya tafasa tun a digiri 140 na ma'aunin Salsiyos. A gangara mai tsawo, busta mai ƙarfi tana iya ɓoye wa direba alamar farko ta gajiyar birki, wato ƙarin nauyin da ƙafa ke ji, har sai abin ya yi nisa. Wannan ne ya sa nake jin tsoron ganin Hydro-Boost a kan ganguna huɗu da tsofaffin tayoyi fiye da ganin motar ba busta ko kaɗan.

Don haka a ganina tsarin aikin a bayyane yake. Masta mai ɗaki biyu da sababbin bututu, sai tayoyi, sai faifai a gaba. Bayan nan a ɗauko ma'aunin zuƙo, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, a soka a manifol inji na aiki a tsaye, motar a cikin giya idan otomatik ce. Ya nuna 16 ko sama, kuma akwai wuri, busta mai fata biyu ta inci 8 ko 9 za ta yi aikin ba tare da an taɓa sitiyari ba. Yana tsakanin 12 da 15, gwangwanin ajiyar zuƙo ko ƙaramin famfon lantarki na iya cike giɓin, duk da cewa gwangwanin ajiya kawai yake yi, ba ya ƙirƙirar abin da inji bai bayar ba, famfon kuma yana da ƙara. Mota mara nauyi irin Nova ko Mustang ta farko tana iya zama lafiya ba busta sam, da ƙaramar masta da feda a hudar sama, masu tsere da yawa ma haka suka fi so. Akwai kuma bustar lantarki irin iBooster ta Bosch da ake cirowa daga motocin zamani, wadda ta fara samun karɓuwa a wurin masu gyara. Amma babbar mota mai ƙaton inji, zuƙo ƙasa da 12, dogayen murafan bawul, faifai a ƙafa huɗu, da lafiyayyen famfon sitiyari: wannan ita ce motar da Hydro-Boost ta dace da ita, ban kuma ga abin da ya kai ta a nan ba.

Mai motar da har yanzu kayanta na asali ne, lambar inji ta dace da ta jiki, shi ma yana da abin dubawa, domin darajar irin waɗannan a kasuwar gwanjo tana tafiya ne da asalinsu. Sa'ar da aka yi, akwai faranti da ake ƙerawa daidai da hudojin da ke bangon kowace ƙira, ba sai an yanka ko an yi walda ba. A nannaɗe tsohuwar busta da mastarta a ajiye, duk ranar da aka so a mayar.

Idan an gama haɗawa, an fitar da iska daga man sitiyari ta hanyar ɗaga gaban mota a yi ta murɗa kan hagu da dama har kumfa ta ƙare, akwai gwaji biyu kafin a fita titi. Inji a kashe, a taka feda sau goma ko fiye har ta yi tauri, a riƙe ta da matsakaicin ƙarfi, a tayar da inji: feda za ta ɗan nutse sannan ta turo ƙafa baya. Na biyun na tulun ajiya ne. A bar inji ya ɗan yi aiki, a kashe, a jira kamar awa ɗaya, a dawo a taka. Takawa biyun farko dole su zo da laushi. Idan ta farkon ma da tauri ta zo, tulun ba ya riƙe matsi, motar kuma ba ta bar garejin ba sai an sauya shi.